Maganaɗisu a Kife

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Inna, yaya kuma gajiyar jinya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Kin san ni ba ma'abocin rubutu ba ne. In kin ga wasiƙata, to akwai maganar da baki ya ƙi faɗa.

Dogo, makaɗin nan mai cika mana shago da surutu, ya kawo tsohuwar jitarsa. Ɗaya daga cikin maɗaukan sautinta biyu ya mutu, wato ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya yana kai kiɗa ga lasifika. Irin wanda muke kira ƙaramin hambaka ne, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. A cikinsa akwai naɗin waya biyu gefe da gefe, da maganaɗisu guda shimfiɗe a ƙarƙashinsu. Ana haɗa naɗin biyu saɓanin juna, sai ƙugin wutar da ɗaya ya kwaso ya cinye na ɗayan, kiɗa kaɗai ya fita. Da yake siriri ne, muryarsa ta fi ta babban hambaka kaifi da tsabta, amma da tsoka a jikinta.

Na warware shi kaf, na sake naɗawa, zagaye dubu huɗu da ɗoriya kowanne, da wayar da ta fi gashin kai siranta. Na tsoma shi a narkakken kaki, na mayar da murfi. Da na kunna maɗaukan sautin biyu tare, yadda Dogo ke kaɗawa kullum, sai na ji murya kamar ta mai magana ya toshe hanci. Nauyin sautin ya ɓace ɓat. Na auna da mita, daidai. Na bi wayoyin sau uku, daidai.

To in aiki daidai ne, saura me? Tun murar da na yi, kunnena na hagu bai koma yadda yake ba. Kin kuma san a daidai shekaruna Baba ya fara kurumcewa, har ya ajiye aiki. Ko ƙugin da ban ji ba, ban sani ba shi ne ya tafi ko ni ne na daina jinsa. Wallahi tsoro nake ji. Mai gyaran jita ba kunne, ai sai rufe shago.

Kada ki faɗa wa yara tukuna. Ki gaishe mini da Inna.

Naki,
Maigida

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki da murya mai daɗi yau. Na ji daɗin labarin Inna ta fara takawa da kanta, alhamdu lillahi. Amsarki ta iso, na kuma karanta faɗan da kika yi mini har inda takarda ta ƙare. To ki kwantar da hankalinki, ki sha labari.

Kwana tara na yi ina yi wa Dogo hanya-hanya. Yau kaki bai bushe ba, gobe babu wuta. Ni kuwa a shago ba aikin da nake sai gwajin kunne. In yar da noti a ƙasa in saurara. In kara agogo a dama, in kara a hagu. Telar da ke maƙwabtaka da mu ta kama ni na manna kai a bango ina sauraron kekenta, na ce mata ƙwari nake nema.

Ran na goma Dogo ya shigo, ya ja kujera, ya rantse ba zai tashi ba sai da jitarsa. Na miƙa masa. A raina na gama shiryawa: in ya ce ta yi daɗi, shi ke nan, kunnen ne. Ya jona, ya kaɗa sau biyu, ya tsaya. Ya dube ni kamar na ci masa amana.

"Baba mai gyara, me ka yi wa jitata? Ina gindin sautin ya tafi?"

Na ce ya maimaita. Ya maimaita da ƙarfi, har da ƙari, wai shekara ashirin yana kawo mini aiki ban taɓa yi masa ɗanyen aiki irin wannan ba. Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, har da hawaye. Tunda nake ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Abin da na ji shi ya ji, ke nan kunnena gaskiya yake faɗa mini tun farko, ni ne na ƙaryata shi. Dogo ya ja da baya, ya zaci na taɓu.

A gabansa na buɗe murfin, na ɗauko ɗan kamfas ɗina mai nuna arewa na kara. Allurar ta juya inda bai kamata ba. Ashe maganaɗisun na mayar a kife. Shi ya sa in an kunna shi tare da ɗaya maɗaukin, wannan na turawa wancan na ja, sai nauyin sautin ya mutu a tsakaninsu. Mita ba ta ganin wannan, ni kuma girman kai bai bar ni na zargi hannuna ba.

Amma da laifinki a ciki, kada ki ce na rufa miki. Duk maganaɗisun da zan cire, sai na ɗiga masa jan farcenki a gefe guda don in san yadda yake kwance. Kwalbar nan da kike ta nema kina zargin yara, a aljihun teburina take zama. Wannan karon kin riga ni, kin tafi da ita. Na ce shekara talatin ina wannan aiki, ai ba zan manta ba. Ga shi kuwa.

Na juya shi, na rufe. Da Dogo ya sake kaɗawa, kowace tsirkiya ta fito da muryarta tas, sama da kaifi, ƙasa da nauyi, babu ƙugi ko kaɗan. Tela ma sai da ta tsayar da kekenta ta leƙo.

Duk da haka na bi umarninki na je asibiti. Likita ta leƙa, ta ce datti ne ya taru ya toshe, ta wanke. Ta gwada ni da na'ura, ta ce samari da yawa ba su kai ni ji ba.

Tunda asiri ya tonu, bari in ƙarasa. A kwanakin nan ba shagon ne ya fi tsaya mini a rai ba, muryarki ce. Duk kiran da kike ƙwala mini daga kicin ina shiru, wallahi ina jin ki sarai. So nake ki sake kira. Ki dawo lafiya, a kiran farko zan amsa.

Ki gaishe da Inna da kyau, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Maigida