Jirgin da na ce miki ba ya fita teku

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Mama, na zo da labari biyu. Na karɓi digirina. Wannan shi ne mai sauƙin faɗa.

Na biyun a kan ƙanena Nasiru ne.

Kin tuna ranar da ya zo hutu daga sansaninsu na Norfolk, ya nemi ki sa masa albarka ya ƙara wa'adi a aikin sojan ruwa? Kina yanka kuɓewa a kicin ɗinmu na High Point Road, kika ƙi ko duban takardar. Ni kika kalla, kika ce, "Ke ce ba kya faɗin abin da ba ki tabbatar ba. Je ki duba mini jirgin nan da yake aiki a kai."

Na je laburare, na duba. Na gaya miki ƙaramin jirgi ne mai ja da tura manyan jiragen yaƙi idan za su shiga tasha ko za su fita. Tsawonsa bai wuce ƙafa ɗari da 'yan kai ba. Gefensa duk roba ce, don aikinsa jingina da wasu. Ba ya ɗauke da makami, sai bututun kashe gobara. Na ce duk inda yake, Nasiru yana hango gaɓa. Kika sa na maimaita wannan sau biyu, sannan kika ɗora hannu a kansa.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma akwai layi ɗaya da na gani ban tsaya a kai ba: shekarun da aka ƙera irin jiragen nan. Da yawansu sun girme ni. Yanzu ana ajiye su ɗaya bayan ɗaya, ana ba kamfanoni hayar aikin. Na su Nasiru yana cikin jerin. Wa'adin Nasiru kuwa bai ƙare ba, don haka babban jirgi za a mai da shi, irin waɗanda yake rakawa bakin teku ya juyo.

Ban san wanne ba, ban san ina za shi ba. Na tambaya, na sake tambaya. Da rediyo ya ambaci Tekun Fasha, sai in kauce da mota gefen titin Wendover in tsaya.

Jiya da rana ya bugo waya, yana ta dariya wai in bar damuwa. Da zai ajiye ya ce, "Yaya, kada dai ki gaya wa Mama." Wata takwas ke nan da binne ki.

Ga shi na gaya miki. Da maganata kika sa albarkar nan. Ki yafe mini, kuma kada ki janye ta.

Allah Ya haskaka makwancinki. Allah Ya tsare shi inda ba a ganin gaɓa, Ya dawo mini da shi da ƙafarsa.

'Yarki,
Rakiya