Ƙofar da Na Jingina a Zaure

Garwa, daren Laraba

Yau ma ban iya ce wa Yaya Sani a'a ba. Tun da jaridarmu ta sallame ni shi ke ɗauke da gidana, kuma shi ya ce zai ba ni jarin goge fentin mota. Na karanta abin da ɗan koyo ke buƙata, kaɗan ne: injin da ke juyawa a hankali, soso mai laushi, man gogewa da tawul. Wani mai shago ya yarda ya kawo min injin ta hanyar garin Mayo-Oulo.

Da yamma sai ga Yaya da injin gurzar ƙarfe na masu walda, an ɗaura masa soso.

"Ga shi, malam ɗan jarida, rabin kuɗi. Inji ai inji ne, duk juyawa suke."

Na ce, "Yaya, gudun wannan ya yi yawa, ƙona fenti yake."

"A takarda ka gani, ko?" Ya yi dariya. "Jibi surukina Alhaji zai aiko baƙar motarsa. Na riga na yabe ka a gabansa."

Bayan isha na gwada injin a kan tsohuwar ƙofar mota da na tsinto a gareji. Nan take fentin gefen ya ɗaye, har ƙarfe ya leƙo.

Na jingina ƙofar a zaure, daidai inda Yaya ke ajiye babur da safe. Bakina ba zai iya maimaita masa ba. Wataƙila ƙofar ta iya.