Za Mu Sirilanka, Amma Takardata Ba Ta Da Dawowa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, saura kwana tara mu tashi kuma wallahi ko abinci ba ya mini daɗi.

Ni 'yar Maraɗi ce, shekarata takwas ina aiki a wani gida a Ƙuba nan Madina, ina kula da wata tsohuwa da muke ce wa Sitti. Asalinsu Hausawa ne da kakanninsu suka zo haji suka zauna, ita Hausarta tas, 'ya'yanta kuwa suna ji amma da Larabci suke amsawa. Ni ke mata wanka, ni ke kai ta bayan gida, ko tuwo in ba ni na tuƙa ba ba ta ci. Babban ɗanta shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, iƙamata, takardar zamana, a hannunsa take, Baba nake ce masa kamar yadda ake yi a nan. Mijina direba ne a gonar dabino a Badr, duk sati biyu yake zuwa mu gaisa.

To watan jiya Baba ya ce za su kai Sitti Sirilanka wata guda, wai sanyin Madina na taɓa mata gwiwa, can kuma damina ta ɗauke yanzu rani zai kama, ba ruwa ba sanyi. Aka ce da ni za a tafi. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, har rawa na taka a kicin, jikokin suna nuna mini hotunan bishiyoyin kwakwa a waya, ina ta washe baki kamar wata sakarai.

Abin da ya fara taɓa mini zuciya, matar Baba ta ce in haɗa kayana duka, har bargo da 'yar tukunyata, wai za a yi wa ɗakina fenti. Na ce to. Sai kuma na ji ta a waya tana tambayar wata 'yar Sirilanka da ta taɓa yi musu aiki ko ƙanwarta ta gama fasfo. Nan ma na ce ba ruwana.

Ran Juma'a Sitti ta ce in shirya in je Harami in yi wa Manzon Allah (SAW) bankwana. Ku da ke nan kun sani, mai tafiya da niyyar dawowa sallama yake zuwa yi, bankwana ta alhazai ce masu komawa gida. Na yi dariya na ce Sitti ai sallama, ta kau da kai ba ta gyara ba.

Washegari na ɗauki hoton takardar fitata na kai wa wata 'yar garinmu mai ɗinki a Anbariyya, ita tana karanta Larabci. Tana dubawa ta dafe ƙirji, ta ce wannan ba huruj wa auda ba ce, wato fita da dawowa, huruj niha'i ce, fita ta ƙarshe. Ina ƙetare filin jirgi iƙamata ta mutu, kuma ba mai iya soke takardar fitar nan sai wanda ya buga ta.

Na tunkari Baba. Ya hau ni da faɗa wai wa ya ba ni izinin nuna takardun gidansa a waje, ya ce kuskure ne, in mun isa can zai gyara, mafi mushkila, wai ba matsala. Na ce ya gyara nan mana tun da muna nan, ya ce halas, shi ke nan, ya gama magana, in ba zan je ba ya san inda zai kai rahoton na gudu. Ni fa ba na iya haɗiye magana, na ce masa shekara takwas ina ɗauke da uwarsa ba da ƙarya zai sallame ni ba. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa.

Mijina ya ce kada in kuskura in taka jirgin nan, za su bar ni a tsibirin da ban san kowa ba, ko su cusa ni jirgin gida daga can. Amma ko na zauna takardar tana nan tana cin kwanakinta, in wa'adinta ya cika ban fita ba na zama mai laifi. Mutum ɗaya Baba ke jin maganarta a duniya, uwarsa, in ta ce ya soke zai soke.

To ku faɗa mini, in ƙi tafiya in jira abin da zai biyo baya, ko in durƙusa gaban Sitti in tambaye ta ƙiri-ƙiri ko da saninta aka yi? Sau uku ina buɗe baki ina fasawa, don wallahi tsoro nake ji ta ce mini e.