Kyamarata na kunne ranar da yayana ya faɗo daga tsani

Anti Lailatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan kai wa wannan magana ba tare da ya fara kuka a gabana ba, ni kuwa kukan ne ya ƙi zuwa.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Minna, ina da ɗan shago a Sauka Kahuta. Mu 'yan Paiko ne, Mama tana can har yanzu. Yayana Yona kafinta ne, shi ke yi wa wata ƙungiyar wasan daɓe aikin bayan labule. Shi ke haɗa bangon katako da ƙofofi, ya yi fenti, ya hau sama ya ɗaura fitilu. In an gama wasa, 'yan wasa su fito su rusuna a tafa musu, shi da abokan aikinsa kuwa suna can baya suna cire ƙusa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa bara na ce zan yi fim a kansu, ba na wasa ba, na ainihin rayuwarsu da aikinsu. Yona ya yi dariya ya ce wa zai zauna kallon mutum yana buga guduma? Amma shi ɗin ne ya shawo mini kan sauran, musamman Martha mai ɗinka kayan wasa da Ishaku mai kula da fitilu.

Na fara ɗauka. Ina da bidiyon Martha durƙushe da allura a baki, tana ɗinke rigar wata 'yar wasa a jikinta ana dab da kiran ta kan dandamali. Ina da Yona yana nuna mini yadda ake kafa ƙofa, a buga ta da ƙarfi bangon bai girgiza ba.

Ranar gwajin wasa na ƙarshe, da rana tsaka, na kafa kyamara a ƙarshen zauren don ta ɗauko dandamalin gaba ɗaya, na fita amsa wayar wata amarya. Ban ji ihu ba. Ƙarar tsani kawai na ji. Tsohon tsanin katako ne da aka ƙara wa tsawo, aka ɗaure mahaɗar da igiya. Da na shigo Yona yana ƙasa, Ishaku ya tallafe kansa. Mun kai shi asibiti, bai sake buɗe ido ba. Sai bayan an binne shi na tuna ban kashe kyamarar ba.

Anti, tun ranar nake haka. A wurin makoki ni na riƙa zuba wa baƙi abinci ina wanke kwanoni, mata suna yaba ƙarfin zuciyata. Ba ƙarfin zuciya ba ne, babu komai ne a ciki. Na koma aiki, ina ɗaukar amare suna rawa, ina ce musu su ɗan juyo. Ina cin abinci don lokacin ci ya yi. Rannan na shiga motar Paiko, har direba ya wuce inda zan sauka ina kallo ban tsayar da shi ba. Da ƙungiyar ta yi wasan daga baya na je. Aka ce a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da Yona, mai sanarwa ya kira shi Yohanna. Martha ta tashi ta fice. Ni ina zaune har aka tashi.

Yanzu ga inda nake. Ishaku ya zo shagona ya ce in ƙarasa fim ɗin, kuma in sa faɗuwar a ciki yadda take. Ya ce sun sha yin magana a kan tsanin nan ana ce musu a lallaɓa, in mutane ba su gani da idonsu ba babu abin da zai canja, gobe kuma shi ne zai hau. Shugaban ƙungiyar ya kira ni da lallashi, ya ce in goge wurin faɗuwar, su kuma za su nuna fim ɗin a bikinsu na ƙarshen shekara don girmama Yona. Mama ma labarin bidiyon ya kai kunnenta. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Kada ki nuna wa mutane ɗana a ƙasa.”

Ni ban kalla ba. Nakan kunna kwamfuta, in zauna, in kashe. Ba tsoron in ji zafi nake yi ba, tsorona in kalla in ji babu komai. Wannan mutumin shi ya saya mini kyamarata ta farko. Shin zuciyata ce ta mutu? In bar fim ɗin ne, ko in bi ta Ishaku, ko ta Mama?

Mai Kyamara, Sauka Kahuta

Ƙanwata Mai Kyamara,

Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Zuciyarki ba ta mutu ba. Wadda ba ta damu ba ba za ta zauna ta rubuto wannan wasiƙa ba. Wani kukansa ranar yake zuwa, wani sai an watse an manta da shi. Amma wuce tasha kina kallo da cin abinci babu ɗanɗano ba abin wasa ba ne. Ki je asibiti ki gaya wa likita kamar yadda kika gaya mini, ki kuma samu fastonku ko wata babba da kika yarda da ita. Wannan shi ne kan gaba, fim na biye.

Bidiyon nan kada ki goge shi, ko wa ya roƙe ki. Ki kwafe shi ki ba wani amintacce a dangi ya ajiye. Shaida ce ta yadda yayanki ya rasu, kuma in wata rana iyalinku suka so neman ba'asi, za ku buƙace ta. Mai yiwuwa shugaban nan tausayi ne ya sa shi magana, mai yiwuwa tsoro ne. Ko wanne ne, ba shi ke da ikon yanke wannan ba, kuma bikinsu ba zai tsayar miki da rana ba.

Ishaku yana da gaskiya, ransa yake karewa. Sai dai tsani ba zai jira fim ba. Shi da abokan aikinsa su haɗu tun yanzu su ce babu mai sake hawa sai an kawo na kirki. A cikin fim kuwa, ki zaunar da shi ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, ki nuna tsanin da igiyarsa. Wannan ya isa ya taɓa duk mai hankali. Faɗuwar kanta, da zarar ta fita, waya za ta shiga, a riƙa tura ta ga waɗanda ba su san ko sunansa ba, har ta iso hannun maƙwabtan Mama. A nan ina bayan mahaifiyarki. Ita ta haife shi, kuma abu ɗaya tak ta roƙa.

Ke ma ba dole ne ki kalla ba, yanzu ko nan gaba. Ki fara da abin da za ki iya. Ki ware wuraren da Yona yake magana yana aiki, ki kai wa Mama ku kalla tare in tana so. In kin ji hannunki ya saki, ki kira Martha ki ci gaba da ɗaukarta daga inda kuka tsaya. Aikin yana da kyau, mutanen nan sun cancanci a gan su, kuma zai jira ki.

Ina yi miki fatan sauƙi, ke da Mama. Allah Ya sanyaya muku zuciya.

Anti Lailatu