Inda na ga Sani a Abuja

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya mutan Kumasi, ya ciwon ƙafar taki? Ya maigida da yara? Mu nan Bagwai sai godiya, duk da tsadar nan da ta hana kowa sakat.

Yaya, abin da na gani a Abuja har yau bai sake ni ba. Na raka albasar da muka noma a Watari can, na kama gado a wani masauki mai araha bayan tasha, ɗaki guda cike da maza. Da rana na zaga gari, tituna kamar an wanke su, gidaje har sama, amma ba mai amsa sallama.

Da la'asar na dawo na jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli. Na ce bismillah kamar yadda muke yi a gida, inda kowa zai ce alhamdulillahi ya wuce. Wallahi kafin in kai loma, maza masu gogaggun riguna sun yi wa kwanon rubdugu. Ina ɗaga kai sai ga Sani ɗanki, hannunsa a ciki. Sanin da muke alfahari yana aikin ofis! Ashe tuni aka sallame su daga aikin, shi da abokan aikinsa, kunya ta hana shi faɗa. Ya ce, "Kawu, don Allah kada Inna ta ji."

Ban yi masa alkawari ba. Na dai taho da shi, yanzu tare muke zuwa gona.

Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a. Kada ki yi masa faɗa, Yaya. Yunwa ta riga ki.

Ƙaninki,
Isiyaku