Kujerar da Kuka Saya Mini

Ni mahaifinku, tsohon mai raba wasiƙu, na rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina garau. Mai shakka ya tambayi likitan da kuka kawo don ya tabbatar na ruɗe. Kalmomi biyar ya ba ni in riƙe, bayan minti goma na jero masa su, na ƙara masa da lambar motarsa. Na ga yadda fuskarka ta sauya, Babban Yaya, takardar sayar da gidan tana leƙowa daga aljihunka.

Na ɗaya, kujerar. Shekara talatin da ɗaya ina yawo da jaka a kafaɗa, gidaje sama da dubu a kaina ba tare da littafi ba. Sau ɗaya na zame a banɗaki, kuka sayo kujera mai laushi, kuka dasa ni gaban talabijin, kuka garƙame ƙofa, wai tausayi. Cikin wata huɗu na manta sunan jikata, na riƙa tsayawa tsakiyar sallah ban san raka'a nawa na yi ba. Na bar wa ɗan'uwanku Injiniya kujerar. Ta dace da wanda ke tada mota don zuwa shagon bakin layi, kuma bai san lambar matarsa ba sai ya duba waya.

Na biyu, kekena da agogona na matar Auta ne. Ita ta buɗe mini ƙofar baya, na fara fita tattaki. Ran farko iyakata falwayar lantarki, ina haki, tana riƙe da gwiwar hannuna. Bayan wata uku muna zagaye kasuwa, sunayen mutane suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Da kuka gano, kuka taru a falona kuka ce tana neman kashe ni. Ku je ku ba ta haƙuri, in akwai sauran kunya.

Na uku, filin bayan gida kada a gina shi. Kun tsare jikokina a ɗaki daga makaranta zuwa malamin darasi, kuna mamakin yadda karatu ba ya zama. Ku sake su su buga ƙwallo su yi gumi, sannan a ba su littafi.

Na huɗu, a raba gidan yadda shari'a ta ce. Ku 'yan matan biyu da kuke gaba kan ɗakin mahaifiyarku, wadda ba ku taɓa share mata shi tana raye ba, ku daina.

Duk da haka ni na haife ku, kuma na yafe. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da suka fi ku hankali. Kada ku watse, ku riƙa haɗuwa duk mako. Maƙabarta ba ta da nisa, ku ɗauke ni a kafaɗa, ku mazan duka tare, a ƙafa.