Goggo Ta Buɗe Min Kwalaben Tsirona

Anti Binta, don Allah ki agaza min kafin takaici ya kwantar da ni.

Ni ɗaliba ce mai binciken tsirrai a Kalgo. Goggona Safiya, ƙanwar babana, tana Dalijan, kowa ya san ta da maganin ƙuna da gyambo. Ganyen wani ɗan tsiro take dakawa. A da ya cika fadama, yanzu gindi ɗaya tak ya rage a bayan ɗakinta. Da ƙyar ta ba ni toho biyu. Na yayyanka su ƙanana, na raine su cikin kwalabe a rufe ruf, don ƙwayar cuta ɗaya ta isa ta kashe su. Wata bakwai ina fama har suka zama arba'in. Burina mu gano sinadarin da ke haɗe ciwo, mu kuma mayar da tsiron fadama.

Wutar ɗakin bincike ta lalace, na kawo kwalaben gida, sai ga Goggo ta zo ziyara. Ina dawowa na tarar ta buɗe su kaf, wai tausayi suka ba ta, ba iska ba ƙasa. Har taki ta barbaɗa musu, Anti, taki! Kwana huɗu fumfuna ta cinye su. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga mata murya. Yanzu ta ce ko ganye ba zan ƙara taɓawa ba, wai abin da iska ke kashewa ba magani ba ne. Gindin nan kuwa ya fara yin rawaya. Yaya zan yi da tsohuwar nan?

Mai Kwalabe, Kalgo

Haba 'yata! Wata bakwai, ba ki taɓa zaunar da mai tsiron kin gaya mata amfanin murfin ba? Goggo ta yi ɓarna, na yarda, na kuma ji zafin asararki. Amma abin da kowace manomiya za ta yi ta yi, ke kuma kika yi mata tsawa a kan tsiron da ita ta tsare shekara da shekaru.

Tunda ya fara rawaya, ba ki da lokacin fushi. Gobe ki tafi Dalijan ki durƙusa ki ba ta haƙuri, kada ma ki ambaci toho. Daga baya ki gayyace ta ɗakin bincikenku, ta ga ana dafa kwalabe don kashe ƙwayoyin cuta, ta tambayi duk abin da take so. In ta sauko, ita za ta yanke tohon da hannunta, sunanta kuma ya shiga aikin.

In ta ƙi, tsironta ne. Ki ɗauki bokiti ki taya ta ban ruwa. Allah ya raya gindin nan, ya sanyaya zukatanku.

Anti Binta